Baba Leo da Mai Koya Masa Tafiya

Sunana Yagana, haifaffiyar Abbaganaram ce ni, a cikin tsohon garin Maiduguri. Aikin jinya na karanta, kuma na yi shi shekara da shekaru a ɗakin taimakon gaggawa, a zamanin da ƙarar bam ke riga ladan tashinmu daga barci. Bayan rasuwar maigidana, wani kamfani mai kwasar ma'aikatan jinya zuwa ƙasashen waje ya ce zai kai ni Amurka. Na ci jarrabawarsu, na bar 'ya'yana biyu a hannun mahaifiyata Ya Falmata, na kama hanya.

Alkawarin da aka yi mini shi ne babban asibiti a babban birni, da ɗakina na kaina, da mutumin da zai tarbe ni a filin jirgi riƙe da sunana. Na sauka na bi fuskokin masu riƙe da sunaye ɗaya bayan ɗaya, babu nawa. Na zauna a kan akwatina har ƙafafuna suka yi tsami. Da na samu na kira kamfanin, wata murya mai zaƙi ta ce an samu ɗan canji, wancan asibitin ya cika, in nemi bas zuwa wani ƙaramin gari a jihar Ohio, akwai gidan kula da tsofaffi da ke jirana. Na ce ba haka muka yi ba. Ta ce, cikin ladabi ƙwarai, takardun zamana a ƙasar ta hannunsu suka fito, in kuma na fi son komawa gida ba wanda ya riƙe ni. Ban taɓa jin an cuci mutum da tattausar murya irin wannan ba.

Tafiyar bas ɗin doguwa ce, kuma babu Damaturu ko Potiskum da za a tsaya a miƙe ƙafa a sayi balangu. Ba mai yi wa kowa magana. Wata dattijuwa baƙar fata da ke kusa da ni ta lura ina rawar sanyi a cikin lafayata. Ta zare bargon da ta rufe gwiwoyinta ta yafa mini, ta ɓare lemo ta ba ni rabi. Ba ta tambaye ni daga ina nake ba. Ta sauka a wani gari kafin nawa, ta bar mini bargon.

A tashar da na sauka, ina tsaye ina waige-waige, sai na ji an ce, “Ke ce 'yar Barno?” Da Hausa. Wata mata ce gajera mai faɗin fuska, sanye da rigar aiki a ƙarƙashin wata jibgegiyar kwat. Sunanta Saratu, 'yar Biu, amma a unguwar Galtimari ta Maiduguri ta girma inda babanta ke aikin coci. Ita ma kamfanin nan ne ya kawo ta, ta riga ni da 'yan shekaru, ita ma da alkawarin babban asibiti. Ta ji an ambaci sunana a wurin aiki, ta ce wannan suna ba ya fitowa daga ko'ina sai Yerwa, wato Maidugurinmu. Ta kama hannuna ta ce, “Lale, wushe da hanya.” Kanurinta a karye yake, amma kukan da na riƙe tun daga filin jirgi a nan ya ƙwace mini.

Ɗakin da kamfani ya tanadar mini, gado ne a wani gida da maza ke shiga suna fita. Anti Saratu ta leƙa sau ɗaya ta ce in ɗauko akwatina. A falonta na zauna har na samu wurina.

A makon farko na jawo mata abin kunya. Gidan ba ya ƙamshin komai, ni kuwa mace daga Maiduguri ba ta san zama a ɗakin da ba ya ƙamshi ba. Na ɗauko turaren wutar da Ya Falmata ta haɗa mini, na ɗora a kan gawayi. Hayaƙi bai gama tashi ba wani abu a rufin ɗaki ya kama ihu, na ƙasa da na sama suka amsa masa, mutanen ginin duka suka fito waje, wasu da kayan barci. Motar kashe gobara ta zo. Wani ƙaton jami'i ya shiga ya fito riƙe da kaskona, ya shinshina, ya ce yana da daɗi amma kada in sake. Anti Saratu ta yi dariya har ta zauna a kan matakala. Tun daga ranar sai dai in buɗe kwalbar in shaƙa in rufe.

Abin da ya fi damuna ba sanyi ba ne, gaisuwa ce. A gida kafin ki isa Kasuwar Kwastam kin gaji da amsa ina kwana da yaya yara da yaya gajiya. A can kuwa mutum zai tambaye ki yaya kike, kafin ki buɗe baki ya yi nisa.

Mutum na farko da ya tsaya ya jira amsata shi ne wani tsoho a gidan da nake aiki, Mista Leo. Tsohon malamin sakandare ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, an kawo shi a keken marasa lafiya. Sauran tsofaffin da ma'aikatan sun yanke sunana sun mai da shi abin da ya yi musu sauƙi. Shi kuwa ya sa na maimaita masa har ya iya, ya tambayi ma'anarsa, ya tambayi inda Maiduguri take, ya sa aka kawo masa taswira. Na fara kiransa Baba. Ya ce 'ya'yansa ma ba sa kiransa da daɗi haka.

Ina gyara masa matashi wata rana na lura da ƙaramar hular da ke manne a tsakar kansa. Na tambaya, ya ce shi Bayahude ne. Ban taɓa ganin Bayahude ido da ido ba. Abin da na sani shi ne alƙunutun da ake yi wa Falasɗinawa a masallatanmu tun ina yarinya, da hotunan da muke gani a labarai. Da na tashi aiki na kira gida na gaya wa mahaifiyata.

Ya Falmata ta ce, “Soja ne?”

Na ce, “A'a, Ya. Tsoho ne, ko cokali ba ya iya ɗagawa da hannun dama.”

Ta ce, “To ki ba shi abinci, ki wanke shi da kyau. Amana aka ba ki, Allah yana kallonki.”

Ashe ni da shi matsalarmu ɗaya da ɗakin girki. Shi ba ya cin naman alade, ni ma haka, kuma masu dafa abincin suna yawan mantawa. Sai muka zama masu gadin farantin juna. In ya ga abin da bai yarda da shi ba a tiren ma'aikata sai ya ɗaga mini gira. Wata rana na kawo masa burabisko da miyar kuka ya ɗanɗana. Ya ce kalar miyar ba ta da kyaun gani, ya kuma cinye.

Mai kula da ƙafafunsa ita ce Samira, irin waɗanda muke kira 'yan fisiyo, masu koya wa gaɓoɓin da suka mutu motsi. A Ohio aka haife ta, amma iyayenta daga Gaza suka zo, kuma yawancin danginta suna can. Siririya ce mai kaifin baki, ba ta lallashin majinyaci. Ita ta fara kai ni masallacin garin, ita ta nuna mini shagon da ake sayar da naman halal. Tsakaninta da Baba Leo kullum gardama. Shi mutum ne da gardama ke ƙara masa lafiya, in bai samu abokin musu ba sai ya yi da talabijin. Tana lanƙwasa masa gwiwa suna musu a kan wanda ya riga wani zama a wace ƙasa, har sai ta ce, “Ɗaga ƙafa, malam,” ya ce, “Kin gudu ke nan,” ta ce, “Ɗaga ƙafa.”

Sai aka wayi gari da labarin harin da aka kai kudancin Isra'ila, yaƙin Gaza ya biyo baya. A cikin waɗanda aka kashe a harin akwai Eli, jikan ƙanwar Baba Leo, saurayi. Kwana da kwanaki tsohon bai ci abincin kirki ba. Gardamar nan tasu ta mutu. Samira takan shigo ta yi aikinta, wayarta a aljihu tana duba ta kowane lokaci, ko 'yan uwanta sun samu hanyar turo saƙo cewa suna da rai.

A nan na fara ganin wata Amurka da ban sani ba. A garinmu, in aka zo maganar Falasɗinu, kusan bakin kowa ɗaya ne a unguwa. A can kuwa magana ce da ke shiga gida ta raba uba da 'yarsa. A kan hanyata ta zuwa aiki, wannan ƙofa ta kafa tutar Isra'ila, ta kusa da ita ta kafa allon neman tsagaita wuta. A talabijin 'yan siyasa na daka wa juna tsawa a kan makaman da ƙasarsu ke aikawa. A masallaci, bayan sallar Juma'a, maza na musu ko su yi zaɓe ko su ƙaurace masa don a ji zafinsu. Ɗalibai sun kafa tantuna a filin jami'ar da ke kusa da mu, 'yan sanda na kewaye da su. Ana ta labarin waɗanda suka rasa aiki saboda abin da suka rubuta a waya, da Yahudawan da suka fara ɓoye hularsu in za su fita, da mata masu hijabi da aka tofa wa yawu. Ni kaina na daina tsayawa ni kaɗai a wurin jiran bas.

Ko a teburinmu ma abin ya iso. Anti Saratu ta taɓa zuwa ziyarar ibada Urushalima, a cocinsu kuma ana yi wa Isra'ila addu'a. Mun taɓa maganar sau ɗaya, muryoyinmu suka fara tashi, sai ta ce, “Yagana, tuwon nan zai huce.” Ba mu sake ba.

Ɗan Baba Leo, David, yana zuwa duba shi duk ƙarshen mako. Mutum ne mai kirki, yakan kawo wa ma'aikata kek, shi ya taɓa kai ni gida a motarsa ranar da dusar ƙanƙara ta hana bas fitowa. Shi ya je jana'izar Eli, ya dawo kamar an canza shi. 'Yarsa Naomi kuwa tana cikin ɗaliban da ke kwana a tantuna, sun daina yi wa juna magana.

Ranar da abin ya faru, Samira ta dawo aiki ke nan bayan ta samu labarin cewa an rushe gidan gwaggonta Huda, da ita da jikokinta a ciki. An ce ta huta, ta ce zaman gida zai haukata ta. Muna falon da tsofaffi ke zama, tana durƙushe tana ɗaura wa Baba Leo takalmi, ni ina riƙe da kekensa, David na zaune a gefe. A talabijin wani mutum mai kwat ya ce ba wani marar laifi a Gaza. Samira ta miƙe, ta ɗauki rimot ta kashe.

Ta ce, “Gwaggona tela ce. Kayan makaranta take ɗinka wa yara. Da harajin da ake cira a albashina aka sayi abin da ya kashe ta.”

David ya ce, “Su wa suka fara? Eli me ya yi?”

Ta ce, “Ban kashe Eli ba, ban kuma yi murna da mutuwarsa ba. Amma kada wani ya zauna a gabana ya ce gwaggona ta cancanci mutuwa.”

Ta koma ta ƙarasa ɗaura takalmin. Iyakar abin da aka faɗa ke nan.

Kashegari muka ji an dakatar da ita. David ya kai ƙara wurin manajar gidan cewa Samira ta kawo siyasa wurin aiki, ta nuna goyon bayan kashe Yahudawa, kuma hankalinsa bai kwanta mahaifinsa ya zauna a hannunta ba. Ni ce ma'aikaciya ɗaya da ke wurin, don haka aka ce manaja na son ganina.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko a ranakun da ake kawo mana gawarwaki a bayan a-kori-kura. A can na san aikina, na san mutanena. A nan kuwa zamana a ƙasar a rataye yake da wannan aiki, ga ni da hijabi, ga sunana, ga yara biyu a Abbaganaram da ke ci daga hannuna. In na ce ban ji komai ba, hankalina na kan keken, wa zai ƙaryata ni?

Da yamma na gaya wa Anti Saratu tana yanka albasa. Na zaci za ta ce in kama bakina. Ta ajiye wuƙar ta ce, “Ni da Samira ba za mu taɓa shiryawa a kan wannan magana ba, kin sani. Amma ba ra'ayinki za su tambaye ki ba, ƙanwata. Abin da kunnenki ya ji za su tambaya. Ki faɗa, kada ki ƙara, kada ki rage. In sun kore ki, ga falona nan, kin san shi.”

A ofis na tarar da manaja da David. Na faɗi kalaman Samira kamar yadda ta faɗe su, na faɗi na David, na faɗi na mutumin talabijin. Manaja ta tambaye ni ko na ji ta yabi waɗanda suka kai harin. Na ce a'a, Samira cewa ta yi ba ta yi murna da mutuwar Eli ba. David ya dube ni, irin kallon da mutum ke yi wa wanda ya taɓa rage wa hanya. Wannan kallon ya fi komai yi mini ciwo.

Muna cikin haka sai muka ji wani abu ya bugi ƙofa. Baba Leo ne. Da hannu ɗaya ya turo kekensa tun daga ɗakinsa, yana tafiya a karkace, gumi ya jiƙa masa riga. Na tashi na shigo da shi.

Ya ce, “Ina wurin. Ba wanda ya tambaye ni, don an ɗauka wanda ƙafarsa ta mutu kunnensa ma ya mutu. Abin da Yagana ta faɗa haka aka yi.”

David ya ce, “Baba, sun kashe Eli.”

Baba Leo ya ce, “Na sani. A cinyata aka riƙe shi ranar da aka yi masa kaciya. Ba yarinyar nan ta kashe shi ba.” Ya juya wurin manaja. “Samira ta yi kuskure a kan tarihi, kusan duk abin da take faɗa akwai gyara, kuma ina da niyyar nuna mata. Ba zan iya ba in kun kore ta. Ban da haka, ita kaɗai ce a gidan nan take ganin zan sake tafiya.”

David ya tashi ya fita. Na hango shi ta taga a cikin motarsa, ya kifa kai a kan sitiyari, ya daɗe bai tayar ba.

Aka ja wa Samira kunne aka mayar da ita. Aka mai da talabijin ɗin falo tashar girke-girke, tsofaffi suka yi ta ƙorafi. Ni kuma muryar nan mai zaƙi ta kira ni daga kamfani ta shawarce ni in riƙa nesa da abin da bai shafe ni ba. Iyakar abin da ya same ni ke nan, tsorona ya fi shi girma nesa ba kusa ba. David ya ci gaba da zuwa, amma ya daina kawo kek, kuma yakan zaɓi lokacin da Samira ba ta nan.

Da sanyi ya fara sauƙi sai aka ji majalisar garin za ta zauna a kan wani ƙuduri na kiran a tsagaita wuta. Na yi mamaki. Kansilolin da aikinsu shara da fitilun titi, me za su iya a kan yaƙin da ke wata duniya? Samira ta ce haka abin yake a nan, ƙananan garuruwa ke tara murya har manya su ji. A irin wannan zama duk ɗan gari yana da damar fitowa ya yi magana na 'yan mintuna. Samira tana cikin waɗanda suka nemi a kawo ƙudurin. Baba Leo ya sa aka karanta masa, ya ce ba a ambaci waɗanda aka yi garkuwa da su ba, ba a ambaci yadda abin ya fara ba, shi zai je ya yi magana a kan kada a amince da shi.

Ya ce wa Samira, “Kuma a tsaye nake so in yi. Na yi rayuwata ina magana a tsaye gaban aji, ba zan yi ta ƙarshe a zaune ba. Za ki koya mini tsayuwa don in je in ƙaryata ki?”

Ta ce, “Aikina ne. Amma za ka sha wuya.”

Ya kuwa sha. Kullum tana tayar da shi a jikin ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ni ina baya riƙe da ɗamarar da ke ƙugunsa. Yakan yi nishi, ya zage ta, ya ce da gangan take yi don ramuwa. Takan ce, “Ka taka ƙafar dama, ba ado ba ce.” Gardamar ta dawo, amma ta canza. Wata rana ya tambaye ta irin ɗinkin da gwaggonta ke yi. Wata rana ita ta tambaye shi abin da Eli ke karantawa.

Ranar zaman na ɗauki hutu na raka shi. Zauren ya cika har waje, 'yan sanda a ƙofa, mutane sun rabu dama da hagu kamar masu biki biyu a fili ɗaya. Na zaci zan gane kowane ɓangare da fuska, sai na kasa. A ɓangaren Samira akwai masu ƙaramar hula irin ta Baba Leo, ga Naomi jikarsa a zaune kusa da ita. A ɓangarensa akwai fastoci da tsofaffin sojoji. Wani mutum ya fito ya ce shi ba ruwansa da kowa, ramin da ke titin gidansu ya zo a kai, aka yi dariyar da ba ta daɗe ba.

Samira ta yi magana da sauri. Ta kira sunan gwaggonta da na jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ba ta zo neman a ƙi kowa ba, ta zo ne garin da aka haife ta ya ce a daina. Na yi kuka, don abin da ke zuciyata ke nan, kuma har yau ban canza ba.

Da aka kira Baba Leo na tura shi gaba. Aka sauko masa da abin magana, ya ce a mayar sama. Ya kama ƙarfensa, ya ja numfashi, ya miƙe. Ya yi maganar dangin mahaifiyarsa da aka hallaka a Turai, waɗanda ba su samu ƙasar da za ta buɗe musu ƙofa ba. Ya yi maganar Eli, da mutanen da har lokacin suke tsare. Ya ce takardar da ba ta iya ambatonsu ba, ba zai iya goyon bayanta ba. Wasu daga bayan zauren suka fara yi masa ihu. Ya jira suka gama, kamar yadda malami ke jiran aji.

Sannan ya ce, “Matar da aka ambata ɗazu, sunanta Huda. Tela ce. Ba ta yi wa kowa komai ba. Duk wanda ke tare da ni a zauren nan da ba zai iya faɗin haka ba, ba tare muke ba.”

Yanzu kuma daga nasa ɓangaren gunaguni ya tashi. A daidai nan na ji ƙafarsa ta dama ta fara rawa, nauyinsa ya dawo kan ɗamarar da ke hannuna. Na ɗaga ido na ga Samira a ɗaya gefen ta riga ta miƙe, hannuwanta a buɗe, ba ta ma san ta tashi ba. Bai faɗi ba. Ya gyara tsayuwa, ya gode wa kansiloli, ya zauna da kansa.

Majalisa ta ɗage maganar, daga baya ta fitar da wata takarda mai laushi da ba ta gamsar da kowa ba. A wurin ajiye motoci Samira ta same mu, idanunta jajur.

Ta ce, “Ka jingina a hagu. Sau nawa zan gaya maka?”

Ya ce, “Ke kuma kin yi sauri. Sunaye ba a karanta su da sauri.”

Ta sunkuya ta gyara masa mayafin wuyansa. Naomi ta zo ta karɓi keken daga hannuna, ita ta tura kakanta har mota.

Baba Leo bai ga ƙarshen sanyin da ya biyo baya ba. Ciwon ya sake buge shi, ya rasu da rana, ina bakin aiki, David na riƙe da hannunsa. Ni na rufe masa ido. Yahudawa ma suna zaman makoki na mako guda a gida, a kan ƙananan kujeru, mutane na shiga da abinci, abin ya yi kama da namu har ya ba ni mamaki. Na je gidan David da yamma, na zauna a gefe kusa da Naomi. Can aka ƙwanƙwasa ƙofa, David ya je ya buɗe. Samira ce, riƙe da babban tire na shinkafa da kaza irin girkinsu, an rufe da tawul. Suka tsaya suna kallon juna, iska mai sanyi na shigowa. Yaƙin bai ƙare ba a lokacin, yana nan a cikin wayar kowa.

David ya miƙa hannu ya karɓi tiren. Ya ce, “Shigo, akwai sanyi.”

Ta zauna a ƙasa kusa da mu. An daɗe ana wasu hirarraki kafin ya matso ya ce mata, “An ce kafin ya rasu ya yi tafiya da ƙafarsa. Ban gani ba. Gaskiya ne?”

Ta ce, “Gaskiya ne. Daga ƙofar ɗakinsa har taga ta ƙarshen baranda. Yagana na bayansa amma ba ta riƙe shi ba. Yana zagina tun daga farko har ƙarshe.”

David ya yi dariya, sannan ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Muka zauna tare da shi har ya gama.